Abin da Aku Ya Faɗa da Bakinsa

4 ga Afrilu

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ka yi mini afuwa da na ɗauki biro na rubuto maka, alhali ba ka san ni ba, kuma ba wanda ya aike ni. Sau uku ina farawa ina yagewa. Ni ce 'yar fari ta taubashinka makaniken jirgin ruwa, jikar Kaka wadda ta riƙe ka shekara shida kana firamare. Ina ajin ƙarshe na sakandare. A gida Lauya ake ce mini, saboda ni ke karanta wa kowa takardar asibiti da ta mai gidan haya.

Ina fata kana lafiya. Mu ma lafiya lau, sai dai idon Kaka ya ƙara dushewa, Mama kuma hawan jininta ya motsa, amma tana kan keken ɗinkinta. Ƙannena biyu mata suna gaishe ka. Adireshin ofishinku na samo a bayan ambulan ɗin da ka aiko wa Kaka shekara huɗu da suka wuce, tana ajiye da shi a gwangwanin da take zuba maɓallai. A watan jiya mun gan ka a talabijin, a bayan gilashi, da abin sauraro a kunnenka, lokacin da aka nuna kwamitin binciken jirage. Mama ce ta gane ka. Da muka kwatanta wa Kaka, ta ce ashe Aku ya samu keji. Ka yi haƙuri, ita ta faɗa, kuma ta ce lallai in rubuta.

Dalilin wasiƙata biyu ne. Na farko, an zaɓe ni a muhawarar makaranta, zan kare cewa dokar ƙasa da ƙasa tana kare ƙananan ƙasashe. Malamin tarihi ya ce mu nemo dalilai biyar da suka jawo wannan yaƙin. Na karanta jaridun laburare, amma kowace da abin da take faɗa. Na ce kai da kake tafinta a ɗakin da ake maganar ka fi kowa sani.

Na biyu shi ne na gaskiya. Baba yana tashar da yaƙin ya rufe. Wata takwas ke nan jirginsu yana ɗaure da alkama a cikinsa. Da su ashirin da biyu ne, yanzu saura tara. Dokar kwamitinku ta ce jirgin da ma'aikatansa suka gaza tara za a cire shi daga layin jiragen da ke jiran fita, kuma dole a samu mai kula da inji a cikinsu. Baba kaɗai ya rage a ɗakin inji. Lambarsu a layi goma sha ɗaya.

Akwai motar 'yan agaji da ke kwashe ma'aikatan jirage ta hanyar ƙasa, duk mako uku. An sanar da su cewa sau uku kawai ya rage: 28 ga wannan wata, 19 ga Mayu, sai 9 ga Yuni. Mama tana so ya shiga mota. Shi kuma ya ce idan ya sauka ya cire mutum takwas daga layi, kuma shekara goma sha huɗu yana goge injin nan, ba zai bar shi ga tsatsa ba in dai za a fita.

Ba ma iya kiransa. Shi ke kira duk Asabar da ƙarfe huɗu, da wayar kyaftin, minti biyar. Tun ƙarfe uku Mama take kawar da yadi ta ɗora wayar a kan teburin keke, mu zauna muna kallonta. Asabar da ta wuce ya ce da ni, "Lauya, ki karanta mana takardar nan ki gaya mana abin da ta ce." Na je ɗakin kwamfuta na makaranta na kwafe yarjejeniyar sakin jiragen da hannuna, shafi huɗu. Sashe na takwas ya ce za ta ƙare 20 ga Yuni, kuma za ta sabunta kanta sai dai in wani ɓangare ya rubuta cewa bai yarda ba. Na lissafa yawan jiragen da ake saki a mako, na ga nasu ba zai fita ba sai cikin Yuli.

Baffa, za a sabunta ta? Ya zauna ko ya sauka? Ban gaya wa Mama na yi maka wannan tambayar ba.

'Yarka,
Lauya

15 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Lauya,

Wa alaikumus salam. Ba laifi kika yi ba. Ni ya kamata in nemi afuwa, da sai da yarinya ta tono ni daga gwangwanin maɓallai. Lafiyata ƙalau, ban da baya da ke ciwo saboda zama. Ki gaishe da Mamanki. Ki gaya wa Gwaggo, wato Kakarki, cewa Akunta ya yi furfura, kejin kuma da sanyin na'ura, ba abin da ya rage masa sai fiffike.

Tun da aka fara wannan zaman, a gida ɗaya aka ajiye mu tafintoci takwas, a harabar da ake taron. Wayoyinmu suna hannun jami'in tsaro. Wasiƙa kaɗai ke shiga da fita, shi ma sai ya karanta. Don haka ki yi haƙuri da jinkirin gidan waya.

Malaminku yana son dalilai biyar. Ni na fassara sun fi arba'in, kowane da bakin mai shi. Babbar ƙasar ta ce ƙaramar maƙwabciyarta tana neman shiga ƙawancen abokan gabarta, za a kawo makamai a jingine a bakin ƙofarta. Ƙaramar ta ce ai shekara talatin da suka wuce kin sa hannu cewa kin yarda da iyakata, ni kuma na bar ki kina ɗaure jiragen yaƙinki a tashata. Babbar ta ce wancan zamanin ina kwance ne, hannun da aka murɗe ba sa hannu ba ne. A ƙarƙashin duk wannan akwai mashigin da jirgin babanki ke son bi. Faɗinsa bai kai tafiyar awa guda a kwalekwale ba, amma abincin ƙasashe da yawa ta nan yake fita. Wanda ya riƙe shi ya riƙe maƙogwaron mutane.

Manyan ƙasashe uku sun sa hannu a waccan tsohuwar takarda a matsayin shaidu. Da yaƙi ya tashi aka neme su. Sai ya zama kowaccensu ta taɓa yaga irin wannan takarda a wani wurin, lokacin da ya yi mata daɗi. Duk wadda ta buɗe baki, sai a karanto mata nata. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Aka kai ƙara babban zauren ƙasashe, wanda ake ƙara kuwa yana zaune a kujerar na-ƙi. Sauran ƙananan ƙasashe sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, kowa yana can yana sayen bindiga maimakon ruwa.

Ki zaɓi biyar a ciki. Amma ga abin da ba ya cikin jarida. Lokacin da na fara aikin nan, shekara ashirin da shida ke nan, mai niyyar karya alkawari sai ya ɓata wuni guda yana neman sashen da zai fake da shi. Muna gajiya da su, amma wannan neman kunya ce, kunyar kuma takan riƙe hannu wata shida, wani lokacin shekara. Yanzu ba mai neman mafaka.

Game da tambayarki ta biyu: ɓangarorin biyu sun sanar a gaban 'yan jarida ranar Laraba cewa suna da cikakkiyar niyyar sabunta yarjejeniyar, kuma sun ce jiragen da ke layi za su fita bisa lambarsu. Karatunki na sashe na takwas daidai ne.

Ki ce wa babanki har yanzu ban manta da ranar da ya kwance rediyon Gwaggo ya ce ni ne ba. Allah Ya fito da shi lafiya.

Baffanki

29 ga Afrilu

Zuwa ga Baffa,

Gaisuwa mai yawa. Allah Ya ba ka sauƙin bayan. Mama ta ce ka riƙa sa ƙaramin matashi, kuma in ka aiko da awon kujerar za ta ɗinka maka. Kaka ta sa na karanta mata wasiƙarka sau biyu. Ta ce maganar rediyo ta san gaskiya tun ranar, ta dake ka ne don kai ne ba ka gudu.

Wasiƙar ta iso ranar Juma'a, kamar ka auna. Washegari da Baba ya kira, Mama ta fara da maganar mota kamar kullum. Na roƙe ta minti ɗaya. Ban taɓa karɓar waya a hannunta ba. Na ce masa na rubuta maka, kuma ka amsa cewa za a sabunta, jirage za su fita bisa lamba, kuma karatuna daidai ne. Ya yi dariya, wadda rabon da mu ji ta tun kafin sabuwar shekara. Ya ce, "To Lauya ta yanke hukunci, Aku ya buga hatimi." Na ji yana gaya wa na kusa da shi da wani yare, na ji suna tafi.

Jiya motar ta tashi, ba wanda ya shiga daga jirginsu. Yanzu lambarsu tara.

Mama ba ta yi mini faɗa ba. Ta mayar da yadinta kan tebur ta ci gaba da ɗinki. Daga baya ta tambaye ni ko na tabbata, na ce Baffa yana cikin ɗakin, da kunnensa yake ji. Ta ce shi ke nan.

Na zaɓi dalilai biyar, malam ya ce sun yi kyau, sai dai in cire maganar kunya don ba za a iya kafa mata hujja ba. Ina ta haddace jawabina a bayan aji, har yanzu muryata tana rawa.

Na gode, Baffa. Ka sauke mana kaya.

'Yarka,
Lauya

24 ga Mayu

Zuwa ga Baffa,

Ina gaisuwa, da fatan lafiya ce ta hana ka amsa ba akasinta ba. Mu dai muna nan. Kaka ta yi mura ta warke. Mama ta koma shan ƙwaya biyu maimakon ɗaya.

Na san kana da aiki, kuma ban isa in ƙirga maka kwanaki ba. Amma kullum na taso daga makaranta sai na biya gidan waya, har ma'aikaciyar ta daina jira in tambaya, daga nesa take girgiza mini kai.

Motar 19 ga wata ta tafi. Baba bai shiga ba. Makonni biyu ke nan lambarsu tana bakwai, ba ta motsa ba. Ya ce masu bincike suna zuwa tashar da safe, su zauna a motarsu, su koma. An ce musu wai ana gyaran takardu. Ruwan shansu ma yanzu aunawa suke yi. A rediyo jiya na ji wakilan biyu sun ce tattaunawa tana tafiya cikin mutunta juna. Na gaya wa Mama alama ce mai kyau. Ta ce, "Ke da kika yi boko kin fi ni sani." Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya fi ciwo.

Na sake karanta wasiƙarka a hankali kamar yadda ake koya mana karanta tambayar jarrabawa. Na ga ka rubuta sun sanar, sun ce. Na nemi wurin da ka faɗi abin da kai kake gani, ban samu ba. Wataƙila ni ce ban iya nema ba.

Mota ɗaya ta rage. Burodin da muke saye ya ƙanƙance, ƙanwata ta ce ai alkamar tana wurin Baba.

Don Allah ko layi ɗaya ne.

'Yarka,
Lauya

10 ga Mayu

Lauya,

Wasiƙarki ta 29 ga Afrilu ta iso jiya. Ina fata kuna lafiya. Ni kam tun da na karanta ta ban ji daɗin jikina ba.

Jami'in tsaro ya kira ni a kanta. Ya nuna mini inda kika ce na amsa cewa za a sabunta. Ya ɗauko kwafin tawa ya duba, ya ga ba abin da na rubuta sai abin da aka faɗa wa 'yan jarida. Ya yi murmushi ya ce in tafi, ba ni da laifi. Da ya ba ni takardar gargaɗi da ya fi mini sauƙi.

Bari in gaya miki yadda aikina yake. Idan wakili ya ce ba mu harba ko harsashi ɗaya ba, ni ma haka zan faɗa, da murya mai kyau, ko da na ga hotunan gawarwaki da safe. Ba na ƙarawa, ba na ragewa, ba na jan numfashi a inda zai nuna ban yarda ba. Ranar da aka ɗauke ni na yi rantsuwa a kan haka, da kuma cewa abin da na ji a ɗaki a ɗaki zai zauna. Shekara ashirin da shida ina magana daga safe zuwa yamma, ban faɗi komai ba. Da kika tambaye ni, sai na yi miki abin da na iya, na miƙo miki maganarsu. A nan kowa ya san bambancin. Na manta ke 'yar makaranta ce da ta tambayi baffanta.

Ba zan iya rubuta fiye da haka ba.

26 ga Mayu

Ban aika da ta sama ba. Sau biyu ina kai ta teburin jami'in ina dawowa da ita a aljihu, don na san ko dai ya shafe rabinta, ko ta iso miki ba ta ce komai ba. Motar 19 ga wata ta wuce wasiƙar tana aljihuna. Wannan nauyin nawa ne, ba naki ba.

Abin da aka faɗa a ɗaki ba zan gaya miki ba, ko yanzu. Zan gaya miki abin da mai shara ma ta gani.

Idan tattaunawa tana da rai, ana zagi. Ana buga tebur, ana rigima a kan kalma ɗaya har abincin rana ya huce, a nemi ƙarin tafintoci don mu takwas ba ma isa. Makonni uku ke nan ba wanda ya ɗaga murya. Suna zuwa a kan lokaci, su gaisa da fara'a, kowa ya karanta takardarsa, a tashi kafin azahar. Manyan wakilai sun koma gida, an bar mataimakan mataimaka. Jadawalin aikinmu akan manna shi wata guda kafin lokaci. Na bayan 20 ga Yuni ba a manna ba, kuma ba wanda ya tambaya. An sallami huɗu a cikinmu. Yau da safe mai gyaran na'urori ya zo da kwalaye yana naɗe wayoyin abin sauraro. Cikin sittin ya bar goma sha biyu. Na tambaye shi ina zai kai, ya ce kamfaninsu ya ce a dawo da su, hayar ta ƙare ba a sabunta ba. Shi zai fita da wannan wasiƙar a cikin kwalinsa ya jefa a gidan waya.

Sashe na takwas yana nan yadda kika karanta shi. Amma takarda ba ta buɗe mashigi, kuma ba wanda ya rage da zai tilasta a bi ta. Ba sai sun rubuta cewa ba su yarda ba. Za su daina zuwa ne kawai.

To ga nawa. Ni na ce, ba su ba: babanki ya shiga motar 9 ga Yuni. Lamba bakwai ko lamba ɗaya, ba jirgin da zai fita. Ba ya cire kowa daga layi, don babu layin. Ya gaya wa sauran su ma su shiga. In na yi kuskure, ya zo ya kwance duk rediyon da ke gidana.

Baffanki,
Aku

27 ga Yuni

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan za ta same ka, don ban sani ba ko har yanzu kana wancan gidan. Ya bayan? Kaka lafiya. Mama ta kwana biyu a asibiti, an sallame ta, tana samun sauƙi. Tawa ta 24 ga Mayu da taka sun yi saɓani a hanya. Ka yafe mini abin da ya yi kama da rashin kunya a cikinta.

Baba yana raye. Na fara da wannan don kada ka karanta sauran da fargaba.

Wasiƙarka ta iso ranar Alhamis, 5 ga wata. A bakin gidan waya na karanta ta a tsaye. Na zo gida na karanta wa Mama da Kaka duka, ban tsallake inda ya nuna kuskurena ba. Mama ba ta ce na gaya miki ba. Ta ce in yi wa wuraren da zan karanta masa alama, don minti biyar ba yawa.

Ranar Asabar ya kira da ƙarfe huɗu da kwata. Mama ta miƙo mini wayar ba ta ko gaishe shi ba. Na ce Baba na yi kuskure, ka shiga mota jibi. Ya ce Lauya ba ta janye hukunci, kuma mutum takwas suna kallonsa. Na karanta masa maganar jadawali da ta kwalaye. Ya ce wannan duk zato ne. Sai na karanta sakin layi na ƙarshe.

Sannan ya ce, "Aku ne ya rubuta ni na ce?"

Na ce eh.

Ya ce, "Da hannunsa?"

Na ce da hannunsa, har ya sa sunan a ƙasa.

Ya ce, "Tun muna yara ko ruwa zai roƙa sai ya ce Gwaggo ta ce a ba shi. Sake karanta mini wurin."

Ina tsakiyar karantawa minti biyar ya cika.

Asabar ta gaba wayar ba ta yi ƙara ba. Mun zauna a gaban teburin keke har aka kira magariba. A makon ne aka kwantar da Mama. Ranar 20 ga wata ta zo ta wuce, ba wanda ya rubuta komai, kamar yadda ka ce. Rediyo ta ce an ɗage zama sai abin da hali ya yi. Kwana biyu bayan haka aka yi luguden wuta a tashar.

Ranar Talatar nan wata baƙuwar lamba ta kira da hantsi, ina makaranta. Ƙanwata ce ta zo har bakin aji da gudu ba takalmi. Baba ne, daga sansanin da ke ƙetaren iyaka. Su bakwai suka shiga motar. Ya ce da ya gaya musu, sai ya tarar kowa ya daɗe da sani a ransa, kunyar sauran ce ta zaunar da shi. Kyaftin ya ƙi sauka, tsohon kukunsu kuma ya ce ba zai bar shi ya ci ɗanyen abinci ba. Baba ya wuni ranar Lahadi yana koya wa kuku tayar da ƙaramin janareto, ya rubuta masa matakan da fenti a bangon ɗakin inji, ɗaya zuwa tara. Sannan ya shafe babban injin da mai, ya rufe shi da tamfol.

Ba a ji labarin su biyun ba tun ranar luguden. Baba ya kira sau biyu, duk biyun abin da yake tambaya ke nan, ko rediyo ta ambaci jirginsu. Ya ce wataƙila da yana nan da sun iya matsar da shi daga bakin tasha. Ni kuwa na daina saurin amsawa. Bai san ranar dawowa ba. Takardar da za ta ba shi izinin wucewa, ofishin kwamitinku ne ke buga mata hatimi, an ce musu kuma ofishin a rufe yake, su jira a ga wanda zai gaje shi.

Ya ce in gaya maka rediyonka ya tsira.

An yi muhawarar ranar Laraba. Na roƙi malam ya canza ni, ya ce an riga an buga sunaye. Na tsaya na faɗi duk abin da na haddace, cewa doka tana kare ƙananan ƙasashe, na kawo sassa da shekaru. Muryata ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Mu muka ci. An ba ni ƙamus. Da ina saukowa sai na tuna da kai a bayan gilashi, na ce ashe haka abin yake, kuma kai shekara ashirin da shida.

Ina tsoron kada wasiƙar da ta fita a kwali ta jawo maka wani abu. Kaka ta ce in ba su kore ka ba ka kori kanka, ɗakinka na da yana nan, sai dai buhunan yadin Mama da za a kwashe. Ta ce tana so ta ji muryarka kafin kunnen ma ya bi idon.

Ba ni da wata tambaya a kan yarjejeniya. Shafuka huɗun da na kwafe na sa su a gwangwanin maɓallai tare da wasiƙunka. Amma idan ba zan takura maka ba, ina neman izininka in sake rubuto maka, ko da ba abin da ya faru. Kai ma in ka amsa, ba sai ka gaya mini abin da suka ce ba.

'Yarka,
Lauya